Azarar Ɗakin Goggo Indo

A kakar 1977, shekarar da gero ya sake yin kyau bayan fari, Alhaji Harisu ya ce zai gyara gida. Gidan na ubansa ne, a nan Dogo-Dogo, bayan kasuwa kaɗan. Alhaji kuwa a lokacin hannunsa ya fara maiƙo: yana kai wake da fatu Kano, yana dawowa da atamfa da fitilu da kwanukan sha. Bara waccan ya je Makka. Tun da ya dawo zauren ubansa ya yi masa ƙanƙanta, har in ya zo shiga sai ya sunkuya fiye da yadda ƙofar ke bukata, don a gani.

Mutanen gidan ba su da yawa. Shi ne, da matarsa Saratu, da ƴaƴansu ƙanana, sai Goggo Indo, yayar ubansa. Ita ta goye shi tun yana wata bakwai, da uwarsa ta rasu. Ba ta da ɗa nata. Ɗakinta soro ne a ƙuryar gida ta gabas, rufin azara da ƙasa, da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi inda take zuba rushi da sanyi. In ɗari ya kankama, tsofaffin unguwa can suke taruwa da hantsi su sha kunu, don ɗakin ɗumi gare shi kamar cikin riga.

Magina biyu Alhaji ya kira, kuma rana ɗaya ya kira su, bayan la'asar, lokacin da ƙofar gida ke cike da mutane. Mu da muke zaune a dakali duk mun ji abin da aka faɗa.

Na farko Malam Bukar ne, tsohon da ke yi wa gidan yaɓe tun zamanin uban Alhaji. Ya zaga gidan a hankali yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa. Ya sa tsani ya hau soron Goggo, ya tattaka, ya sauko.

"Alhaji, gidan nan ba shi da ciwo mai yawa," in ji shi. "Zaure yana son yaɓe. Katangar arewa ruwa ya ci gindinta, a ƙara mata ƙasa. Ɗakin Indo kuwa, azararsa giginya ce ta gaske, ni da ubanka muka ɗora ta. Indararo ne kawai ya fashe. A sake shi, a yi wa rufin makuba, aikin kwana biyu ne. Amma da shi za a fara, kafin sanyi ya yi ƙarfi."

Alhaji ya dubi jama'a ya yi dariya. "Makuba! Baba Bukar, har yanzu kuna nan da ɓawon ɗorawa?"

"Ɓawon ɗorawar ne ya tare maka ruwa har ka yi gemu."

Na biyu Alkasim ne. Ya yi shekara uku a Kano yana ɗaukar bulo, ya dawo ya ce kada wanda ya ƙara ce masa magini, shi birkila ne. Ya zo da fensir a bayan kunne da rediyo a hamata. Bai ƙwanƙwasa komai ba. Ya dai tsaya a ƙofar ɗakin Goggo ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon sama, sannan ya fito yana girgiza kai.

"Alhaji, wannan ai kabari ne. Mutum kamarka, wanda ya ga birane, a ce uwarsa tana kwana ƙarƙashin ƙasa? A yaye shi a sa kwano. Kwana bakwai. Gaban gida kuma a fitar maka da butik, wato kanti, a yi zaure na siminti mai ƙofar ƙarfe, wanda in baƙo ya sauka daga mota ba sai ya yi tambaya ba."

Ashe ba tausayin tsohuwa ne ya sa ya daɗe yana kallon sama ba. Azarar yake kallo. Tun bayan fari ma'aikatan gandun daji suka hana saran giginya, katako kuwa sai an je Kano. Ga itace nan a sama, mai kyau, ba wanda zai ce uffan in an sauke shi, sai tsohuwa ɗaya. Ya ja Alhaji gefe ya raɗa masa haka.

Malam Bukar jinga yake yi, in aiki ya ƙare ya wanke ƙafa ya tafi. Alkasim ya ce shi da yini ake biyansa, haka ake yi a birni. Alhaji ya ji kalmar birni, ya ce ya yarda.

Washegari ya shiga ya sami Goggo a bakin ɗakinta tana tankaɗen kuka.

"Goggo, albishirinki. Za a yi miki kwano."

"Wa ya ce maka ina son kwano? Da zafi ya gasa mutum, da sanyi ya daskarar da shi. Bar mini ɗakina, Alhaji."

"Ai mutane ne ke magana, Goggo. Suna cewa na samu na bar ki a cikin laka."

"Su wane ne mutanen? Turo mini su."

"Kwana bakwai ne fa."

"To, a bari sanyi ya wuce mana, ɗan nan. Ka ga jiya ma sai da na ƙara rushi."

"Alkasim ba zai jira ba, ana nemansa a Magariya. Kafin a gama sai ki ɗan zauna a madafa. Ai kin ma fi kusa da murhu."

Madafar rumfa ce ta zana, mai rufin kara, ɓangarenta ɗaya a buɗe. Nan aka kai tabarmarta da adudunta da tukwanenta. Ma'aikata huɗu suka hau soron da diga. Ƙasar rufin suka riƙa turowa ciki, ta faɗa wa gadon nan na ƙasa ta farfasa shi. Kafin azahar azarar ta sauko gaba ɗaya, baƙa ƙirin saboda hayaƙin shekaru, ko ɗaya ba ta ruɓe ba. Alkasim ya buga guda da guduma, ta yi ƙara kamar ƙarfe, ya yi murmushi. Aka kwashe ta zuwa ƙofar gida. Wata aka ware don kan ƙofa da rufin butik, saura aka ɗaɗɗaure da igiya a jikin bango don ma'aikata su riƙa takawa in gini ya yi sama.

Goggo na tsaye tana kallo. Sai da ta ga an taka wata da ƙafa mai siminti, sannan ta koma cikin rumfa.

A garinmu wanda ake yi wa gini shi ke ciyar da magina, safe da rana da yamma. Saratu ta ce ita hayaƙi na sa mata ciwon kai, kuma ai kowa ya san hannun Goggo ya fi nata. Wannan kam gaskiya ta faɗa. Sai girkin mutum biyar ya hau kan tsohuwa, bayan na gida.

Da safe kunun tsamiya mai citta da barkono, da ƙosai. Da rana ɗanwake da man gyaɗa da yaji, ko dambun gero da zogale da ƙuli-ƙuli. Da yamma tuwo. Miyar ce abin magana. Goggo ba ta jefa daddawa a tukunya haka nan kawai. Sai ta gasa ta a rushi har ta fara ƙamshi, ta daka ta da busasshen tattasai da masoro da citta, ta narkar da ɗan kakide ta soya su ciki, ta tsaida ruwa, sannan ta kaɗa kuka a hankali da maburgi, ba gudaji ko ɗaya. Irin miyar da in mutum ya sha da sanyi sai ya ji zufa ta tsattsafo masa a goshi. In iska ta kwaso ƙamshin zuwa dakali, har hira takan tsaya.

Ranar farko Alkasim ya cinye malmala biyu, ya sa yatsa ya suɗe akushi. Rana ta uku ya ci ɗanwake, ya jingina da bulo, ya dubi ma'aikatansa.

"Kai, ku sassauta. Aikin siminti ba ya son gaggawa."

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Maigida, jiya ka ce yau za mu kai kan ƙofa."

"Jiya ban ci ɗanwaken nan ba."

Suka kwashe da dariya. Mu ma da muke dakali mun yi dariya, ba zan ɓoye ba. Daga ranar bulo ɗaya sai an juya shi sau uku kafin a ajiye. A jera layi biyu, a ce a bari ya sha iska. A kunna rediyo, a jira akushi ya fito daga cikin gida.

Kwana bakwai suka cika, bangon butik bai kai kafaɗa ba, ɗakin Goggo kuwa ba wanda ya ko leƙa. Alkasim yakan zo bakin madafa yana sakace.

"Goggo, na ga kabewa ta shigo kasuwa. Gobe a yi mana taushe mana."

"Ɗan nan, ɗakina fa?"

"Yana layi, Goggo. In mun gama butik sai zaure, in mun gama zaure sai ke. A sa yakuwa da ɗan yawa, ni ina son tsami."

Sanyin shekarar nan kuwa duk wanda ya gan shi bai manta ba. Ruwan randa in ka taɓa da asuba sai yatsa ya ƙage. Awaki kansu cusa kai suke yi a jikin juna. Ita kuwa iska ta gabas ba ta san zana ba, ratsa ta take yi ta wuce. Da farko Goggo takan bar rushi a murhu ta kwanta kusa. Sai kayan butik suka iso, dilolin atamfa da garwar kananzir, aka rasa inda za a sa su sai jikin madafa. Alhaji ya ce daga yau ba a kwana da wuta. Shi da kansa yake zuwa da buta bayan magariba ya yayyafa wa murhu ruwa. Ya kawo mata bargo guda daga cikin na sayarwa, irin wanda in ka ɗaga shi kana hango rana ta ciki, ya kuma faɗa a dakali cewa ya ba Goggo bargo sabo fil.

Akwai wata maƙwabciyarsu, Kulu, mai sayar da man gyaɗa, mace mai baki. Wata safiya ta shigo kawo mai, ta sami Goggo durƙushe gaban murhu, ashana na zubewa daga hannunta, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Ta koma gida ta ɗebo garwashi a kasko ta hura mata wuta. Daga nan ta fita ta tare Alhaji a ƙofar gida yana duba bango.

"Alhaji, ka ba ni Yaya Indo ta kwana ɗakina har a rufe nata."

"Haba, Kulu. A ce uwata tana kwana gidan maƙwabta? Me za a ce da ni a garin nan?"

"Yanzu da take kwana a rumfa me ake ce da kai?"

"Ai an ce ta shiga ɗakin Saratu, ita ta ƙi."

An ce ɗin kam. Saratu ta faɗa sau ɗaya, daga nesa, da rabin baki. Kuma su duka biyun sun san Goggo ba za ta taɓa shimfiɗa tabarma a ɗakin matar ɗanta ba, ko da sanyi zai raba ta biyu. Wannan kunyar tata suka samu suka jingina a kai, ta kuwa riƙe su da kyau.

A kwana na ashirin motar ɗaukar kaya ta kawo kwano da katako daga Kano. Yara suka bi ta da gudu. Aka rufe butik, rufin na ƙyalli har daga kasuwa ana gani. Kwanon da ya rage da katakonsa aka shigo da su aka jingine a jikin ɗakin Goggo, daidai inda in ta ɗaga kai daga tukunya za ta gan su. Ta yi murna ranar, har ta ƙara wa ma'aikata busasshen kifi a miya. Washegari suka koma zaure.

A lokacin tari ya kama ta. Tun tana yi a ɓoye cikin gyale, har ya zama ana jin sa daga dakali. Malam Bukar ya ji labari, ya zo da sandarsa ya sami Alhaji da Alkasim a sabon zaure.

"Alhaji, ba aiki na zo nema ba. Ka bar ni in ɗora mata itace da ciyawa a kan bangon nan, yini ɗaya, in gyara mata gadonta. Ranar da kuka shirya sai ku yaye ku sa kwanonku."

"Ciyawa? A gidan siminti? Baba Bukar, so kake a yi mini dariya?"

"To, ga kwano can a jingine. Ku sa mata yau."

Alkasim ya cire fensir daga kunne ya nuna shi da shi. "Tsoho, aiki tsari gare shi. Ba a tsallake zaure a tafi ƙurya. Kuma ni, Alhaji, ba na haɗa aiki da masu cuɗa laka. In zai taɓa bango, ni na ajiye cokalina na gini."

Malam Bukar bai dube shi ba. Ya dubi Alhaji ya ce, "Tarin nan da kake ji, na ƙirji ne. Na san shi."

"Tarin tsufa ne, duk shekara tana yi. Na sayo mata ƙwayoyi ma."

"Duk shekara a ɗaki take yin sa."

Alhaji ya ce lokacin salla ya yi.

Kulu ce ta gano inda abin yake. Ta zauna kusa da Goggo tana taya ta ɓarar gyaɗa, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya Indo, ke ce fa ke riƙe da mutanen nan. Tukunyarki ce ta hana su tafiya. Ki cika wa ɗanwake kanwa. Ki hana miya daddawa, ki bar ta salam. Wallahi kwana uku ba za su ƙara ba, za ki ga sun hau sama suna buga ƙusa kamar ana korarsu."

Goggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Kulu, ba ki da dama."

"Ba wasa nake yi ba."

"A fita da kwano daga gidan ƙanena, a ce ba ya ciyuwa? Shekara hamsin ina tuƙa tuwo, ba a taɓa dawo mini da saura ba."

"To, ki zauna. Suna can suna ƙiba, ke kina nan kina ƙarewa."

Ta dai gwada, Kulu ce shaida. Ranar ta tsaida ruwan miya ba daddawa, ba kakide, ta kaɗa kuka haka nan. Ta ɗanɗana a tafin hannu, ta ɓata fuska. Ta zauna tana kallon tukunyar. Can sai ta miƙa hannu ta jawo daddawa ta tura cikin rushi. Kulu ta tashi ta karkaɗe zane ta fita, ba ko sallama. Da yamma Alkasim ya aiko a ce wa Goggo miyar yau ta fi ta kullum.

Da aka gama zaure sai aka ce ai turakar Alhaji ce a kan hanya, a yi mata daɓen siminti tukuna. Da aka gama turaka, Saratu ta ce bangonta ya tsage, tsoro take ji saboda yara. Ranar da suka wuce ɗakin Goggo da buhun siminti suka nufi na Saratu, Goggo ta kira shi da sunan da ta daɗe ba ta kira shi da shi ba.

"Harisu."

Ya tsaya a bakin rumfa, bai shiga ba, saboda hayaƙi da babbar rigarsa.

"Harisu, sanyi nake ji. Haƙarƙarina kamar ana soka mini tsinke. Ko rabin ɗakin ne a rufe mini, inda gado yake."

"Goggo, kin yi haƙurin mai yawa, saura kaɗan. Rabin rufi ai abin kunya ne. So nake in an yi miki a yi mai kyau, wanda kowa zai gani."

"Ni ba gani nake so a yi ba."

"Jibi, in Allah ya so. Af, Alkasim ya ce ɗanwaken jiya yaji ya yi kaɗan."

Jibin ta zo ta wuce, wata jibin ma haka. A kwana na arba'in da shida aka buɗe butik. Alhaji ya yanka ɗan akuya, ya ce a yi taushe da tuwon da zai ishi baƙi. Goggo ba ta iya tsayuwa a lokacin. Kulu, da ta yi fushi ta huce, ita ta tuƙa tuwon. Goggo na kishingiɗe jikin adudu tana numfashi sama-sama, tana cewa a rage wuta, a murƙushe kabewar da kyau, kada a sa gyaɗa sai yakuwa ta nuna. Aka miƙo mata a ludayi ta taɓa da harshe, ta ce a ƙara gishiri kaɗan. Ita ko loma ba ta kai baki ba. A waje ana ta santi, ana yi wa Alhaji addu'ar buɗi.

Da gari ya waye, ma'aikata suka zauna jiran kunu, kunu bai fito ba. Alkasim ya ce a leƙa a ga ko tsohuwa ta makara. Saratu ta leƙa. Tana nan a ƙudundune cikin bargon nan, ta juya fuska wajen murhun da aka kashe.

Alhaji ya yi kuka, kowa ya gani. Amma kukan bai hana shi tunani ba. Dangi za su zo daga Guci da Sassumbrum, kuma mata in sun zo gaisuwa ɗakin mamaciya suke shiga su zauna. Ya share ido ya kira Alkasim gefe.

"Kafin mutanen Guci su iso, ina so in ga rufi a ɗakin nan."

"An gama, Alhaji."

Ba a kunna rediyo ba ranar. Ba wanda ya ce a bari wani abu ya sha iska. Biyu suka kwashe ƙasar da ke ciki da kwando, biyu suka hau da katako. Mata na wanke Goggo a bayan zana, guduma na tashi a kansu. Abin da ya gagara kwana arba'in da shida, tsakanin fitowar rana da hantsi ya ƙare, kuma da yunwa aka yi shi. Aka share ɗakin, aka shimfiɗa sababbin tabarmi, aka mayar da adudunta ciki, aka kunna turare.

Malam Bukar ya zo da gatari. Ya nufi azarar da ma'aikata ke takawa, wadda har yanzu ke ɗaure a bangon zaure, ya fara kwance igiya. Alkasim ya taso.

"Tsoho, wannan kayan aiki ne."

"Nata ne," in ji Malam Bukar.

Ya zaɓi masu kyau, ya kankare busasshen simintin da ke jikinsu, ya sassare su daidai faɗin kabari. A maƙabarta shi ya shiga ya jera su da hannunsa, ɗaya manne da ɗaya, ba inda yatsa zai shiga. Masu cuɗa ƙasa suka miƙo masa, ya taɓa ya mayar.

"Ku ƙara cuɗawa. Ba na son iska ta sami hanya."

Ya liƙe ko'ina, ya shafe da tafin hannu kamar yadda yake gama soro. Sannan ya fito, aka tura ƙasa.

Da azahar mutanen Guci suka iso a kan jakuna. Matan suka shiga ɗakin suka zazzauna, suna ɗaga kai suna kallon kwano. Wata tsohuwa cikinsu ta ce, "Allah sarki, Indo ta ga gata. Dubi ɗakin da ya yi mata. Allah ya yi wa Alhaji albarka, ɗan ƙwarai ke nan."

Kulu na bakin ƙofa. "Ki taɓa ƙusar, Inna. Ba ta huce ba."

Aka ce Kulu ta cika fitina, ranar mutuwa ma ba za ta bar mutane su huta ba. Mu da muke zaune a sabon zaure muna karɓar gaisuwa tare da Alhaji, mun ji ta sarai. Kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Kwana da kwanaki muna jin tarin nan daga dakali, muna shaƙar ƙamshin miya, abin da muka iya ke nan, sunkuyar da kai.

Bayan sadakar uku aiki ya ci gaba, girki ya koma hannun Saratu. Ranar farko Alkasim ya tura akushi gefe, ya ce miyar kamar an wanke tukunya an kawo masa ruwan. Sauran aikin gidan gaba ɗaya, wanda ya ce zai kai bayan salla, cikin kwana huɗu ya gama shi ya tattara kayansa. Har yanzu in ya zo kasuwa yakan nuna wa mutane butik ɗin ya ce aikinsa ne, ya ƙara da cewa bai taɓa cin abinci irin na gidan nan ba.

Ɗakin yana nan da kwanonsa. Ba a bar shi haka nan ba. Da Alhaji ya sayi waken bana, mota ta sauke buhuna a ƙofar gida da yamma, Saratu ta ce a jingine su a madafa zuwa safe. Alhaji ya ce a'a, a shigar da su ɗakin Goggo yanzu-yanzu, a ja ƙofa. Ya ce wake ba ya son kwana a waje.